Warwarewa da Turanci: untangle, disentangle, unravel, extricate ko detangle?

Ƙanwata ce ta turo min saƙo wajen ƙarfe sha ɗaya na dare. Tana kan babin farko na aikinta na kammala digiri, a kan rigimar gadon gonaki. Irin gonar nan da ta bi hannun kaka, ta bi na 'ya'ya, ta faɗo hannun jikoki, wani ya jinginar da gefe, wani ya sayar da gefe, har aka rasa ta wane ce. Ta ce, "Yaya, so nake in ce binciken nan zai warware sarƙaƙiyar mallakar gonakin. Na buɗe ƙamus ya zube min kalmomi biyar. Tun bayan magariba nake ta saƙa da warwara." Kalmomin su ne *untangle*, *disentangle*, *unravel*, *extricate* da *detangle*.

Ba laifinta ba ne. Hausa ta shagwaɓa mu da kalma ɗaya mai aikin mutum goma. Muna warware igiyar guga, muna warware rawani, alƙali ya warware rigima, malami ya warware zare da abawa, maras lafiya ya warware, alwala ma ta warware. Bature kuwa ya rarraba aikin, kowace kalma da fagenta. Idan ka aiki wadda ba ita ba, wani lokaci abin ya wuce tuntuɓen nahawu, kishiyar abin da ke ranka za ka faɗa. Ni na taɓa yin haka a gidan rediyo, duniya na saurare. Za mu zo wurin.

## Ma'aunan da zan bi

Akwai tambaya ɗaya da nake sa ɗalibaina su fara yi wa kansu: in an gama warwarewar, me ya rage a hannunka? Igiyar ce dai, ta miƙe sumul? Abu biyu ne suka rabu, kowa ya kama gabansa? Tarin zare ne a ƙasa, hular da aka saƙa ta tafi? Ko mutum ne ya tsira da ransa, ya bar tarkacen a inda yake? Amsar wannan ta yanke rabin shawara. Ragowar sai mu bi ta yadda ake taya kaya a kasuwa.

Farashi. Ba a sayen kalma da naira, amma mai karatu yana biya da hankalinsa. Wata kalmar yaro ɗan aji uku zai gane ta, wata sai wanda ya yi nisa. Wannan bambanci yana da tarihi. A 1066 Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnuka, Latin kuma dama shi ne na coci da ilimi, talaka ya ci gaba da Turancinsa na gida. Har yau Turanci rumbu biyu gare shi. Ɗafin *un-* da ake manna wa kalma a gaba ɗan gida ne, *dis-* da *de-* da *ex-* kuwa ta hannun Latin da Faransanci suka shigo, kuma galibi sun fi nauyi a kunne. Mu ma muna da irinsa: ya mutu, ya rasu, ya yi wafati. Duk abu ɗaya ne ya faru, amma ba kowa ake faɗa wa kowacce ba.

Ƙarko. Wurare nawa kalmar za ta raka ka? Akwai takalmin da za ka je gona da shi ka wanke ka je ɗaurin aure, akwai wanda daga ɗaki sai tsakar gida.

Sauƙi. Rubutawa, furtawa, da irin jimlar da take bukata.

Haɗari. Yiwuwar a fahimce ka a baibai, ko ka ɗauko wata kalmar mai kama da ita.

## Untangle

Wannan ita ce 'yar gida. Ka cusa igiyar caja a aljihu da safe, da yamma ka ciro ta ta zama dunƙule, ba wanda ya ƙulla ta, ita ta harɗe kanta. Ka zauna kana bin baki ɗaya, ka zura ta nan, ka fitar ta can, har ta miƙe. Aikin da ka yi shi ne *untangle*. Abin lura shi ne igiyar ba ta ragu ba, ba ta rabu da komai ba, ba ta lalace ba. Ita ce dai, ta dawo hayyacinta. *She untangled the cable*, ta warware igiyar wayar.

Tana fita daga igiya ta shiga al'amura ba tare da ta sauya hali ba. Attajiri ya rasu ya bar shaguna, da basussuka, da filaye masu takarda biyu-biyu, sai a ce *lawyers are trying to untangle his finances*, lauyoyi na ƙoƙarin warware cukurkuɗaɗɗen lissafinsa. Dukiyar tana nan, tsara ta ake so a yi.

A farashi ita ce mafi arha cikin biyar ɗin, harafi 8, gaɓa 3, nauyin murya a gaɓar tsakiya. A ƙarko ba ta da na biyu: tun ƙarni na 16 ake rubuta ta, kuma tana shiga hira, ta shiga jarida, ta shiga rubutun jami'a ba wanda zai ɗaga mata gira. Sauƙinta ma haka: *untangled*, *untangling*, a jefar da *e* na ƙarshe kawai. Rauninta ɗaya, ba ta da suna na kanta da aka saba da shi. Kar ka ƙago *untanglement*, ka ce *untangling* ka wuce.

Haɗarinta kaɗan ne, kuma Bahaushe ya riga ya san maganinsa. Mu ma ba mu haɗa kwancewa da warwarewa. Akuyar da ka ɗaure a turke da hannunka kwance ta za ka yi, wato *untie*. Amma in ta yi ta zagaye turken har igiyar ta naɗe ƙafarta, ta naɗe ta 'yar'uwarta, to an zo fagen *untangle*. Ƙulli da gangan, *untie*. Harɗewa ba da niyya ba, *untangle*. Turawa ma suna da labarin wani ƙulli da ya gagari kowa a birnin Godiyam, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, wanda aka ce Alekzanda Mai Girma ya iso a shekara ta 333 kafin haihuwar Annabi Isa, ya zare takobi ya datse shi. Daga nan suka samu *cut the Gordian knot*, wato a yanke magana da ƙarfi maimakon zaman warwara. Wannan ba ta cikin jerinmu, na kawo ta ne don kar ka gamu da ita ka zaci 'yar ɗakinsu ce.

## Disentangle

Je bakin ruwa a Yawuri da sassafe ka kalli masunci ya jawo koma. Ƙayar kifi ta sarƙe a ragar, yana bi a hankali yana zare shi don kar ya yaga komar, kar kuma ya soke hannunsa. Da ya gama, kifi na cikin kwando, koma na gefe. Abu biyu ne suka rabu. Wannan ita ce zuciyar *disentangle*, shi ya sa kusan kullum take tafe da *from*: *he disentangled the fish from the net*.

Gaskiya ita da *untangle* suna yawan aron rigar juna, ba wanda zai kama ka in ka musanya su a kan igiya ko waya. Inda bambancin yake fitowa shi ne inda ake son a raba abu da abu. *It is hard to disentangle fact from rumour*, da wuya a tsame gaskiya daga jita-jita. Masu bincike a jami'a suna ƙaunarta ƙwarai saboda aikinsu ke nan. Yara ba sa zuwa makaranta a wani ƙauye: talauci ne, ko nisan makarantar ne, ko rashin malamai? Dukansu sun cakuɗe, mai bincike yana so ya ware tasirin kowanne. *Disentangle* ce kalmarsa.

Ta sha aiki a jaridun Ingila lokacin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. Ƙasar ta shiga ƙungiyar a 1973, ta kaɗa ƙuri'ar ficewa ranar 23 ga Yunin 2016, ba ta fita ba sai 31 ga Janairun 2020. Shekara 47 dokokin ciniki, da na kamun kifi, da na shige da fice suna sarƙewa da na maƙwabta, sai ga shi ana so a zare na Birtaniya daban. Aikin masuncin nan ne sak, sai dai komar ta fi girma.

Farashinta ya ɗara. Harafi 11, gaɓa 4, kuma tana da ƙamshin ofis. In ka rubuta wa abokinka a WhatsApp cewa kana *disentangling* igiyar caja, ka sa babbar riga ka tafi ɗiban ruwa. Ƙarkonta mai kyau ne a rubutu, ita ma tun ƙarshen ƙarni na 16 take, kuma tana da suna cikakke, *disentanglement*, abin da 'yar'uwarta ba ta da shi. Wurin rubutawa ne ake zamewa. Na sha ganin *disintangle* da *distangle* a takardun ɗalibai. Ka tuna kishiyar *entangle* ce, aka manna mata *dis* a gaba, *e* ɗin nan na tsakiya ba ya zuwa ko'ina. Haɗarin a fahimce ka a baibai kuwa kusan babu.

## Unravel

A nan zan daɗe, don nan ne rijiyar da ake yawan faɗawa.

Duk wanda ya taɓa buɗe sabon buhun shinkafa ya san ɗinkin bakinsa. In ka kama zaren ta gefen da ba shi ba, sai ya ƙara tamkewa, ka yi ta fama har ka nemi wuƙa. In ka dace da bakin zaren, ja ɗaya za ka yi, zuuu, ya zare har ƙarshe, buhu ya buɗe baki. Wannan ita ce *unravel*. Ba harɗewa aka gyara ba, abin da aka saƙa ko aka ɗinka da kyau ne aka zare. Bayan an gama, ɗinkin babu shi. Hular saƙa in aka yi mata haka ta tashi daga hula ta koma zare.

To ka ga inda maganar ta rabu biyu. Idan abin da aka saƙa mugun abu ne ko ɓoyayye, makirci, asiri, kisan da ba a san wanda ya yi ba, zare shi alheri ne. *Detectives unravelled the plot*, masu bincike sun gano bakin zaren makircin. Haka ake faɗa game da aikin da masana kimiyya Watson da Crick suka yi a Kambirij ta Ingila a 1953, da suka bayyana siffar ƙwayar halitta ta DNA: sun zare wani asiri. Amma idan abin da aka saƙa abin so ne, aure, yarjejeniya, ƙawance, sana'a, gwamnati, to zarewarsa masifa ce. *Their marriage unravelled*, aurensu ya wargaje. Marubutan tarihi da ita suke kwatanta yadda Tarayyar Sobiyat ta yi ta zarewa har ta watse a Disambar 1991, ƙasashe 15 suka fita daga cikinta.

Shekarar da na fara aikin fassara a wani gidan rediyo, cikin hunturu, aka miƙo min takarda saura 'yan mintoci a shiga labarai. A ciki akwai jimlar *the ceasefire is unravelling*. Na san *unravel* warwarewa ce, ina sauri, na rubuta "an fara warware matsalar tsagaita wuta". Mai karanta labarai ya karanta da murya mai daɗi, kamar albishir. Ana fitowa editanmu, wani dattijo marar yawan magana, ya yafito ni. Yana sanye da rigar sanyi ta ulu, bakin hannunta ya ɗan zare. Ya kama silin zaren da yatsa biyu ya ce, "Malam, in na ci gaba da jan wannan, rigar gyaruwa za ta yi ko ƙarewa?" Na ce, "Ƙarewa, ranka ya daɗe." Ya ce, "To je ka gyara kafin labarai na gaba." Na mayar da ita "yarjejeniyar tsagaita wuta ta fara wargajewa". Na sanar da mutane zaman lafiya ya kusa alhali yaƙi ne ke dawowa.

Abin haushin shi ne Hausa ta riga ta gargaɗe ni ban ji ba. Warware tamu ma fuska biyu gare ta. Maras lafiya ya warware, mun gode Allah. Alwala ta warware, sai a sake. Ba mu taɓa ruɗewa da su ba domin muna duba abin da ya warware ɗin. Haka za ka yi wa *unravel*. Ga alama mai taimako: in wani ne yake yi wa wani asiri, ganowa ce. In abin ne yake yi da kansa, ba mai yi masa, kusan kullum lalacewa ce. Na ce kusan, don wani lokaci ko da mai aikatawa ɓarnar ce: *the scandal unravelled his career*, abin kunyar ya rusa masa aiki.

Asalinta ma tufka da warwara ne. Tushenta *ravel* daga yaren mutanen Holan ya zo, daga kalmar da ke nufin zarewar bakin tufa, kuma a Turanci *ravel* ɗin tana iya nufin harɗawa, tana iya nufin warwarewa. Aka ƙara mata *un-* wajen shekarar 1600, ba ta zama kishiyarta sosai ba. Kalmar da uwarta ba ta tsaya wuri ɗaya ba, ba a mamakin 'yar.

Farashinta matsakaici ne, harafi 7, kowa ya saba ganinta. Jaridun Najeriya ma sun gama cinye ta: kullum 'yan sanda sun sha alwashin za su *unravel* musabbabin wani abu, har ta fara sanyi a kunne. Ƙarko tana da shi. Sauƙi ne dai da sauran rina a kaba. Ingila na rubuta *unravelled* da *unravelling* da *l* biyu, Amurka na rubuta *unraveled* da *unraveling* da guda. Makarantunmu tsarin Ingila suke bi, ka riƙe biyu, kuma kar ka gauraya su a takarda ɗaya. Sannan Hausa ba ta da sautin *v*, bakinmu yakan mayar da shi *b*. Ɗora haƙoran sama a leɓen ƙasa, ka bar murya ta fita. Kuskure na ƙarshe, rikita ta da *unveil*, wato yaye mayafi a nuna sabon abu. Gwamna in zai buɗe sabon tambari ko allon gini, *unveil* zai yi. In ka rubuta ya yi *unravel* ɗinsa, ka ce ya tsefe shi zare-zare.

## Extricate

Wannan ba ruwanta da gyaran igiya. Damuwarta wanda igiyar ta kama. Daga Latin take, *ex* wato fita, da *tricae* wato cikas da ƙananan matsaloli, tushe ɗaya da *intricate* mai nufin abu mai sarƙaƙiya. Ta shigo Turanci a farkon ƙarni na 17.

Mota ta yi karo, ƙarfe ya lanƙwashe ya danne direba, ma'aikatan ceto sun zo da almakashin ƙarfe suna yanka ƙofa. Da suka zaro shi, motar tana nan a murƙushe, ba wanda ya gyara ta. Mutumin ne ya fita. Masu kashe gobara da jami'an kiyaye haɗurra *extrication* suke kiran wannan aiki. Da Hausa kuɓutarwa ce, ko tsamowa, ko zarowa da ƙyar. "Da ƙyar" ɗin nan yana cikin jinin kalmar, ba a amfani da ita ga fitar da ta zo da sauƙi.

Tana yawan zuwa da mutum yana ceton kansa: *he extricated himself from debt*, ya fitar da kansa daga ƙangin bashi. Amurka ta shiga Afganistan a Oktoban 2001, sojanta na ƙarshe ya bar Kabul ranar 30 ga Agustan 2021, kuma shekaru da dama kafin nan masu sharhi suna ta tambayar yadda za ta *extricate itself*. Ba cewa suke za ta warware rikicin ƙasar ba. Yadda za ta zare jikinta suke nufi.

Ita ce mafi tsada, kalmar rahoto da sharhi da kotu. Ƙarkonta a fagenta ne kaɗai: ba za ka yi wa igiyar caja ita ba, ba za ka yi wa asiri ba. Nauyin murya a gaɓar farko yake, kuma dole ka faɗi wanda aka fitar, galibi da inda aka fitar da shi, da *from*. Haɗarinta maƙwabta ne masu kama da ita: *extract*, cirewa kamar haƙori ko mai daga gyaɗa, da *extradite*, miƙa wanda ake tuhuma ga wata ƙasa. Ka yi tunanin rahoton da ya ce an *extradite* fasinjoji daga motar da ta kife.

## Detangle

Ta gashi ce, sabuwar shigowa, ta ƙarni na 20, kuma a jikin kwalaben man gashi da kwalin mataji ta fi zama: *detangling comb*, *detangler*. Ku lura, mata: tsifar kitso kanta ba ita ba ce, wannan *undo* ko *take out* ake ce mata. *Detangle* ita ce abin da ke biyo baya, a shafa mai, a ɗauki mataji mai faffaɗan haƙori, a fara daga bakin gashi a gangaro tushe. Arha ce, mai sauƙi ce, amma takalmin tsakar gida ce. In ka sa ta a maganar siyasa ko shari'a za a gane ka, sai dai za a ji wani iri. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka saba da *démêler* ta Faransanci su kula, ita kaɗai tana aikin gashi da na zare da na al'amura, Turanci kuwa ya ware wa gashi tasa.

## A jere

| Kalma | Me ya rage bayan an gama | Farashi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| untangle | abin nan dai, ya miƙe | arha | ko'ina | mai sauƙi | kaɗan, rikita ta da untie |
| disentangle | abu biyu sun rabu | da ɗan tsada | rubutu da bincike | a kula da harufa, tana son from | kaɗan |
| unravel | saƙar ta tafi, sai zare | matsakaici | ko'ina | l ɗaya ko biyu, sautin v | babba, fuska biyu |
| extricate | wanda ya maƙale ya fita | tsada | rahoto da sharhi | dole a faɗi wanda aka fitar | extract, extradite |
| detangle | gashi ya taju | arha | gashi kawai | mai sauƙi | ba ta dace da rubutun hukuma ba |

## Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Ɗalibin da ke shirin WAEC ko NECO, riƙe *untangle* ka ƙyale sauran sai ka tabbatar. Kalma mai arha da ta zauna daidai ta fi mai tsada da ta karkace, kuma mai duba takarda karkacewar yake ja wa jan layi. In labari kake rubutawa mai ɗan asiri a ciki, ka iya sa *unravel the mystery* sau ɗaya.

Mai rubuta wasiƙar aiki ko saƙon kasuwanci, sau da yawa ba ka ma bukatar ko ɗaya. In matsala ce kawai, ba sarƙaƙiya mai baki da yawa ba, *solve*, *resolve* ko *sort out* sun ishe ka. Kuma don Allah kar ka yi wa abokin ciniki addu'ar Allah ya *unravel* kasuwancinsa.

Ɗan jarida da mai fassara, ku ne *unravel* ta fi yi wa tarko, musamman daga Turanci zuwa Hausa. Kafin ka rubuta "warware", tsaya ka duba abin da ke zarewar. In asiri ne, "gano bakin zare" ko "bankaɗo". In yarjejeniya ce ko ƙawance, "wargaje", "sukurkuce" ko "taɓarɓare". *Extricate* kuma kar ka ba ta "warware" sam, ba ta "kuɓutar" ko "zare jiki".

Mai rahoton haɗari, ambaliya ko rushewar gini, *extricate* taka ce in an sha wuya kafin a fitar da mutum. In ba haka ba *rescue* ko *free* sun wadatar.

Mai shagon kitso ko mai tallar man gashi a intanet, *detangle*, ba gardama.

Mai rubutun jami'a, ka tambayi kanka ko abu ɗaya kake tsarawa ko abubuwa kake rabawa. Abin da na tambayi ƙanwata ke nan a daren. Na ce, "Ke so kike ki bayyana tarihin gonar daga kaka zuwa jika, ko so kike ki raba haƙƙin masu gado da na waɗanda suka saya?" Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Na biyun, Yaya. Ai duk rigimar a nan take, an rasa wanda ya gada da wanda ya saya." Na ce to ta samu kalmarta, ta kuma tuna da *from*. Da safe ta turo min hoton shafin: *This study seeks to disentangle claims based on inheritance from claims based on purchase.* Ta rubuta *e* ɗin tsakiya daidai.